Ruwa ya shigo mana daren Talata, mu ashirin an rasa shebur ɗaya a layinmu

Abban_Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A yi min haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo.

Daren Talata wajen ƙarfe biyu ruwa ya shigo mana a Kurna. Ba wai ya fi na kullum yawa ba ne, kwalbatin bakin layi ne ya toshe, ruwan ya rasa hanya ya juyo cikin gidaje. Kukan ƙaramar 'yata ne ya tashe ni, ina sauko da ƙafa na ji ni cikin ruwa har idon sawu. Babu wuta. Na fito tsakar gida na tarar da buta da kwanuka suna yawo. A waje maza mun kai ashirin, kowa da fitilar waya, amma duk layin an rasa shebur ɗaya. Da hannu da guntun katako muka riƙa zaƙulo leda, robar lemo, tsumma, har da tsohuwar katifa. Sai da aka yi kiran assalatu ruwan ya fara ja.

Abin da ya hana ni barci tun ranar shi ne, sai da gari ya waye muka tuna da wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ɗakin ƙasa a ƙarshen layi. Mun same ta a kan gado ta naɗe ƙafafu, ruwa ya kewaye ta, bangon bayan ɗakin ya sha ruwa har ya fara zubowa. Ta ce ta yi ta kira, ƙarar ruwa a kan kwano ta hana a ji. Allah ne ya tsare. Mu ashirin ba wanda ya tuna da ita, har da ni.

Yanzu fa Yuli muke, marka ba ta zo ba. Ni a ganina kowane layi ya kamata ya yi nasa shirin: kayan aiki a wuri ɗaya, a san gidajen da za a fara dubawa, a san wanda za a kira. Duk hukumar da za ta zo, sai bayan abin ya faru za ta iso. Akwai unguwar da ta taɓa gwada haka ya ɗore? Ta ina kuka fara?

Ummu_Fadila:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa Abban Sadiƙ, labarin tsohuwar nan ya taɓa min zuciya. Yanzu tana ina?

Ɗan_Gwammaja:
Allah ya kiyaye gaba. Amma Malam, gaskiya ban yarda a ɗora wa talaka wannan kayan ba. Mu ke haƙa rijiyar burtsatse, mu ke biyan 'yan sintiri, mu ke sayen tiransifoma in ta ƙone. Yanzu kuma mu zama hukumar agajin gaggawa? Akwai SEMA da NEMA, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, akwai REMASAB mai kwashe shara, akwai KNUPDA mai ba da izinin gini. Duk shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara. To me ake yi da hasashen? In muka ɗauke musu aikin, shi kenan sun huta.

Abban_Sadiƙ:
@Ummu_Fadila tana gidan mai unguwa, a ɗakin uwargidansa, kafin a ga yadda za a yi.
@Ɗan_Gwammaja ɗan'uwa ban ce a yafe wa gwamnati ba. Amma katifar da muka zaro daga kwalbati, a cikinmu wani ya jefa ta. Kuma ƙarfe biyun dare, ko wace hukuma ce ba ta san da tsohuwa a ƙarshen layinmu ba. Mu muka sani.

Baba_Tela_Yakasai:
'Ya'yana ku bari tsoho ya sa baki. Abin da kuke nema ku ƙirƙira, da shi muka tashi a cikin gari, sunansa aikin gayya. Da an ga bazara ta yi nisa, mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito da shebur da kwando a yashe kwata tun daga sama har inda take zubewa. Magidanta kuma a kira magina a yi yaɓe, a shafe soro da makuba, a duba indararo kada ya toshe. Gidan da mai shi ba shi da ƙarfi, ko na marayu, a haɗu a yi masa. Ba wanda yake jiran a ce masa.

Sannan ku tambayi kanku ina kududdufai suka tafi. Ƙasar da aka gina gidajen cikin badala da ita, daga nan aka haƙo ta, ramin ya zama kududdufi. Mutane na ganin ƙazanta ce da sauro, kuma akwai su, ban musa ba. Amma in aka yi ruwa can yake tafiya ya zauna, abin da ya ragu ya bi Jakara ya wuce har Wasai. Ni da idona na ga kududdufin da muka yi kamun kifi a ciki muna yara, aka yi ta zuba masa shara har ya cike, aka yanka filaye, yau benaye ne a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo bai sami gidansa ba, naka zai shiga.

Ɗan_Gwammaja:
Allah ya ƙara girma Baba. To ai ka kawo ni inda nake. Wa ya sa hannu aka yanka kududdufin? Talaka ne?

Baba_Tela_Yakasai:
Wani ya sa hannu, wani ya saya, wani ya zuba sharar da ta cike shi. Kowa da rabonsa a ciki, ɗana.

Injiniya_Sheka:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai ƙari. Da tsakar gida ƙasa ce, tana shan ruwa. Yanzu kowa ya malale nasa da siminti ko intalok, har ƙofar gida. Duk ɗigon da ya sauka a rufi kai tsaye kwata yake nufa, kwatar kuma tun ta shekaru talatin ce, ba a faɗaɗa ta ba.

Kuskuren da nake gani duk ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata: a yashe kwata, a tara yashin da dagwalon a bakinta, a tafi. Ruwa ɗaya zai mayar da shi ciki. In ba ku da yadda za ku kwashe, rabin aiki kuka yi. Kuma ku fara yasa daga ƙasa, inda ruwan yake fita, ku yo sama. In kuka buɗe naku kuka bar na layin da ke ƙasanku a toshe, su kuka tura wa ruwan, gobe rigima ce.

Buhun yashi yana taimako a bakin ƙofa, amma kada a cika shi dam. Rabi ko ya ɗan ɗara, a jera kamar bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake. Da ruwa ya shigo ɗaki kuma, in akwai wuta, a kashe ta daga babban makunni kafin komai, amma ba da jiƙaƙƙen hannu ba, ba kuma kana tsaye cikin ruwa ba.

Mai_Adaidaita_77:
Ni abin da zan roƙa, don Allah a daina shiga ruwa mai gudu. Bara a gabana wani yaro ɗan makaranta ya taka inda yake zaton titi ne, ashe kwata ce ba murfi, ruwa ya shafe ta. Wani mai faci ne ya cafko rigarsa. Mu kanmu masu tuƙi fasinja ke matsa mana, "direba shiga mana, ai ba zurfi." Ni yanzu in ban ga bakin kwata ba, ba na shiga, ko nawa za a ba ni.

Injiniya_Sheka:
Ka yi daidai. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato bai kai rabin ƙwauri ba, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, balle adaidaita.

Maman_Ilham:
Ina ta karantawa, duk maza ne ke ta shebur da kwalbati. Ku gafarce ni, amma daga ƙarfe takwas na safe zuwa magariba wa ke cikin unguwa? Mu ne da yara da tsofaffi. Kuna kasuwa, kuna ofis. Gobarar da aka yi a maƙwabtanmu a Dorayi da hantsi ta tashi, namiji babba ko ɗaya babu a layin sai mai shago. Mai ne ya kama a kasko, yarinyar ta ɗebo ruwa ta watsa, wutar ta yi sama ta kama silin. Da wani ya taɓa gaya mata a rufe kaskon da murfi ne a kashe risho, da ba a kai ga haka ba.

Maganar tsohuwar nan kuma, Abban Sadiƙ, da ka tambayi matarka da dare ɗin, ina da yaƙinin ita za ta fara tuna ta. Mu muka san gidan da ake da mai tsohon ciki, gidan da ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, da wadda mijinta ya yi tafiya. In za ku yi kwamiti, ku sa mata, ko ta hanyar malamar Islamiyya ce.

Abban_Sadiƙ:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da ya faru. Da safe ita ce ta ce min "kun duba Iya kuwa?" Cikin daren tana fama da yara da kwashe kaya, ni kuma ban tambaye ta ba. Na karɓi wannan gyaran.

Sani_Rijiyar_Lemo:
Ni fa rubuta sunayen gidaje a takarda ne bai kwanta min ba. A rubuta gidan wane ba namiji, gidan wane tsohuwa ce kaɗai. In takardar ta faɗa hannun ɓata-gari fa? Kun ba su taswira kenan.

Maman_Ilham:
Wannan ma abin dubawa ne. To ba sai an rubuta ba. A raba: gida kaza ku ke da alhakin Iya, gida kaza ku ke da alhakin mai jego. Kowa ya san nasa, mai unguwa ya san duka.

Ɗan_Kwari:
Mu 'yan kasuwa mun ɗanɗana. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2021, diloli na atamfa da shadda suka jiƙe, wasu har yau ba su farfaɗo ba. Tun daga lokacin ba na ajiye dila a ƙasa, sai a kan katako, kuma damina na kamawa nake rage kayan shagon ƙasa.

Auwalu_Fagge:
Alhaji 2022 ce, cikin Agusta. Ina wurin, mun kwana uku muna shanya yadi a saman bene. Kuma kowa ya san maganar da aka yi ta yi a lokacin, gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa.

Ɗan_Kwari:
Haka ne, 2022, na gode da gyara. Shekarar ma ai ƙasar gaba ɗaya ta sha ruwa, Jigawa ta fi mu jin jiki.

Tsohon_Ɗan_Kwana_Kwana:
Tunda Hajiya Maman Ilham ta kawo gobara, bari na ce wani abu, don na yi shekaru a wannan aikin kafin na yi ritaya. Damina wata huɗu ce, amma da hunturu ya kama wuta ce abin tsoro, kuma shirin ɗaya ne.

Abu na farko da ke ci mana lokaci, mutane ba sa kira da wuri. Sai an yi ta fama da bokiti, wuta ta ci ɗaki biyu, sannan wani ya tuna. A kira tun tana ƙarama, in kun kashe kafin a zo ba wanda zai yi fushi. Na biyu kwatance. Mutum zai kira yana ihu "gobara a Hotoro!" ya kashe waya. Hotoro ina? A faɗi babban titi, a faɗi masallaci ko makaranta ko gidan mai da ke kusa, sannan a tura yaro mai babur ya tsaya a bakin titi ya jawo motar. Na uku hanya. Na sha zuwa da mota cike da ruwa ina hango hayaƙi, amma an kafa rumfa a lungu, an ajiye tulin yashi da bulo, wani ya faka mota ya tafi da makulli. Ga 'yan kallo kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Tankin mota kuwa 'yan mintuna ne ya ƙare, in unguwa ta san gidan da ke da babban tanki ko rijiya mai ruwa, ta nuna mana, an taimake mu ƙwarai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙarfen taga. Mun taɓa zuwa wani gida cikin dare, mutanen na ciki, ƙofar ƙarfe a kulle da kwaɗo biyu, makulli ya ɓace cikin hayaƙi, kowace taga an walde ta. Maƙwabta na jin muryarsu, ba abin fasawa. Ba zan ƙarasa labarin ba. Abban Sadiƙ, in za ku sayi shebur, ku haɗa da babbar guduma da ƙarfen ɓanɓare ƙofa. Kowane gida kuma makulli ya kasance wuri ɗaya da kowa ya sani, har yara, wanda za a lalubo ko a duhu. In hayaƙi ya cika ɗaki a sunkuya a rarrafa, iskar ƙasa ta fi kyau.

Yawancin wutar dare da na gani, hita ce aka bari a bokiti ko dutsen guga a jone, aka ɗauke wuta aka manta, aka kawo ta ana barci. Sai kaskon gawayi a ɗaki lokacin sanyi. In kuma kuka ji warin gas, kada a kunna ko a kashe makunni, kada a ƙyasta ashana, a buɗe ƙofa da taga a rufe kan tukunyar.

Auwalu_Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ma cikin dare ta tashi, dubban shaguna suka tafi. Yayana har yau in ya rufe shago sai ya koma ya sake duba makunni.

Tsohon_Ɗan_Kwana_Kwana:
Na manta ɗaya, kuma yana da muhimmanci. In mutum ya faɗa rijiya ko masai ya yi shiru, kada wani ya bi shi. Iskar ciki ce ta sumar da shi, kuma za ta sumar da na biyu da na uku. A Kano an sha rasa mutum biyu uku a rami ɗaya ta haka, duk 'yan'uwan juna. A kira mu, a buɗe bakin ramin sosai.

Hamza_Tudun_Murtala:
Wace lamba ake kira? Kuma in wuta ta ƙona mutum, mu dai a gida ɗanyen ƙwai ake fasawa a shafa, ko man goge baki.

Anti_Nas:
Hamza don girman Allah a daina. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba manja, ba toka. Duk suna riƙe zafi kuma suna sa ciwon ya ruɓe, mu ne muke shan wahalar wanke su mai ciwon na kuka. Ruwa mai tsabta mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara a wurin har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Rigar da ta manne kada a fizge ta. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

Lamba kuma 112 ce ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, kyauta ce. Amma ku je ofishin kwana-kwana mafi kusa da ku ku karɓi lambarsu kai tsaye, a rubuta a bangon masallaci da shagon unguwa, a sa a wayar kowace mata.

Sai abin da ba a kawo ba har yanzu. Ruwa in ya ja, bai gama ɓarna ba. Ya shiga masai ya fito ya shiga rijiya, bayan kwana kaɗan sai amai da gudawa. Abban Sadiƙ, duk rijiyar da ruwan Talata ya hau kanta kada a sha sai an tafasa ko an sa maganin tsaftace ruwa. A ajiye ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na mai gudawa, a gida, a kemis ake sayarwa, ba tsada. In babu, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A fara ba mutum tun a gida ana hanyar asibiti. Kwalara na iya kashe babba cikin sa'o'i, ba a jiran gari ya waye.

Hamza_Tudun_Murtala:
Na gode Anti. Wallahi ban sani ba. Na tura wa mutanen gidanmu.

Nazifi_Bachirawa:
Duk wannan shirin, abin da Allah ya rubuto sai ya faru. Mu yawaita addu'a kawai.

Malam_Mai_Almajirai:
Nazifi, addu'a wajibi ce, amma ba ta kore sababi ba. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma lokacin da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, umarni ya yi a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Wannan shi ne maganar hita da kaskon gawayi da Baba ya yi.

Ni roƙona a tuna da almajirai a wannan lissafin. Da yawa a zaure suke kwana ko a kango, wasu a gindin katangar ƙasa. In katanga ta sha ruwa kwana biyu ana marka, ba ta sallama kafin ta faɗi. Ni da hadari ya haɗu da dare nake kwashe nawa zuwa barandar masallaci, da izinin liman. In layinku da makarantar allo, ku je ku ga inda yaran ke kwana da idonku.

Ɗan_Haya_Birget:
Ni matsalata da kwamiti kuɗi ne. Shekara biyu da suka wuce aka karɓi dubu bibbiyu a kowane gida a layinmu za a gyara kwata. Tifa ɗaya ta yashi muka gani, ita ma yara suka watsar. Har yau ba bayani. In ka yi magana a ce kai ɗan haya ne, ba ka da ta cewa. In an zo karɓa kuwa ƙofarka ake fara bugawa, mai gidan yana can wata unguwa ruwa bai taɓa shi ba. Ni ba zan ƙara ba da ko sisi ba.

Baba_Tela_Yakasai:
Ɗana an cuce ku, ba shakka. Shi ya sa a da ba a tara kuɗi sai dole. Mai shebur ya kawo shebur, mai baro ya kawo baro, mai hali ya sa a dama kunu ko a kawo goro. In kuma sai an tara, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a masallaci bayan isha'i, gaban kowa. Kayan kuma a ajiye a siton masallaci, makulli ɗaya wurin ladan, ɗaya wurin wanda gidansa ke jikin masallacin.

Ɗan_Gwammaja:
Har yanzu dai ina nan kan bakana. Aikin rufe Jakara da ake ce wa Wuju-Wuju shekara nawa ana magana a kansa? Ramin zaizayar Bulbula da Gayawa gida nawa ya ci? Wannan shebur zai gyara? Gwamnatin da ta wuce da wadda...

Mai_Kula_Da_Zaure:
Ɗan Gwammaja a tsaya a nan don Allah. A faɗi aikin da ba a yi ba, amma ban da jam'iyya, mun san inda take kai mu.

Injiniya_Sheka:
A wannan ina tare da Ɗan Gwammaja. Akwai abin da ya fi ƙarfin gayya. Babban magudani, zaizaya, madatsun ruwa irin Tiga da Challawa, wannan aikin hukuma ne. Amma takardar koke da mai unguwa da liman da gida arba'in suka sa wa hannu, da hotuna, aka kai wa dagaci da kansila da ƙaramar hukuma, ta fi mutum ɗaya yana faɗa a Facebook nauyi. Kwamitin da zai sayi shebur shi ne zai bi takardar.

Baba_Tela_Yakasai:
Madatsa kam ba abin wasa ba ce. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna Agustan 1988 da ta Bagauda ta ɓalle, shekarar da ruwa ya rushe gidaje ba adadi a Kano.

'Yar_Yerwa:
Ni aure ya kawo ni Kano, amma ina gidanmu a Gwange, cikin Maiduguri, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024. Na je haihuwa. Cikin dare aka riƙa buga ƙofa ana cewa ruwa, mahaifiyata ta ce ai 1994 ma an yi, bai wuce gwiwa ba a gidan, mu hau gado mu jira. Kafin asuba ya kai ƙirji. Na fito da jaririya a ka cikin robar wanki, ƙanena na riƙe da ni. Ba mu ɗauki komai ba. Takardun makarantata, takardar gida, katin asibiti, maganin hawan jinin mama, duk suka tafi. Wayoyi suka jiƙe, kwana biyu mijina a nan Kano bai san ko muna raye ba, ni kuma ban haddace lambarsa ba.

Yanzu a gidana akwai jaka ɗaya a rataye a bayan ƙofa. Takardu cikin leda biyu, tocila, ɗan kuɗi, magani, da lambobi a rubuce a takarda. Yarana manya biyu na sa sun haddace lambar babansu. Maƙwabta har tambayata suke ko tafiya zan yi. Abin da zan ce wa mutanen Kurna, ku yanke tun yanzu inda za ku taru in gida ya gagara, makaranta ce ko masallacin da ke kan tudu, kowa ya sani. Kuma in aka ce a fita, a fita. Tsofaffi ne ke ƙin fita, sai an lallashe su, shi ya sa wanda za a ba alhakinsu ya zama wanda suke jin maganarsa.

Ummu_Fadila:
Allahu akbar. Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya miki ita. Yau ɗin nan zan haɗa takardunmu.

Sani_Rijiyar_Lemo:
Allah ya mayar da alheri. Mutanen Mokwa ma a jihar Neja, a Mayun 2025 da asuba ruwan ya same su, mutane na barci.

Abban_Sadiƙ:
Jama'a na dawo da bayani. Jiya bayan isha'i liman ya ba ni dama na yi magana. Gida 31 ne a layin, mutum 14 suka tsaya. Ba mu tara kuɗi ba, mun bi shawarar Baba Tela: an sami shebur uku, baro ɗaya, wani mai walda ya yi alkawarin guduma da ƙarfen ɓanɓara. Matan kuma za su zauna ranar Asabar a Islamiyya su raba gidajen da za a riƙa dubawa. Ɗan Gwammaja, takardar koke ma an ce a rubuta, don kwalbatin ya yi wa ruwan kaɗan ko an yashe shi.

Inda muka maƙale biyu ne. Mutanen layin ƙasa sun ce ba za su fito ba, wai sharar tamu ce ke gangaro musu. Sannan mai ɗakin da Iya ke ciki mun kira shi sau uku, ya ce ba shi da kuɗin gyara, in ba za ta iya zama ba ta tashi. Ita kuma ta ce ɗakinta za ta koma, nan mijinta ya rasu.

Ɗan_Haya_Birget:
Ka gani ko? Abin da nake faɗa kenan game da masu gida. Amma in bango ɗaya ne, ku tambayi magini bulo nawa zai ci. Ni ba na ba kwamiti kuɗi, amma zan sayi bulo goma da hannuna na kawo.

Maman_Ilham:
Kada ku bari ta koma kafin a gyara, ko za ta yi fushi. Ku nemo wata tsohuwa sa'arta ta yi mata magana, ba ku yara ba.

Baba_Tela_Yakasai:
Na layin ƙasa kuma kada ku aika yaro. Ku ɗauki mai unguwa da liman ku je da ƙafarku wurin dattijansu, ku ce daga nasu bakin za a fara yasar, kuma ku za ku fara kawo hannu.

Injiniya_Sheka:
Abban Sadiƙ turo min hoton bangon ta ciki da ta waje, musamman gindinsa, kafin a sayi bulo. In tushen ya jiƙe, ɗora sabo a kai ba zai yi ba. Kuma dagwalon da za ku fitar ranar Asabar, kun sami mai kwashewa?

Abban_Sadiƙ:
Ba mu samu ba tukuna, baro ɗaya ba zai iya ba. Wanda ya san mai tifa ko mai kura a wajen Kurna da zai yi mana sauƙi ya yi min magana ta gefe. Hoton sai anjima Injiniya, hadari ya haɗo ta gabas, bari na je mu leƙa kwalbatin.